Baƙar Saniya a Gonar Malam Zakari

Da hantsi aka kawo ƙarar, bayan ruwan safe ya ɗauke. Insfekta Irmiya yana tsaye a bakin taga yana juya makullan mota a yatsa. Mutum ne da kujera ba ta iya riƙe shi. A caji ofis ana cewa ko gaisuwa ya zo yi maka, ƙafarsa ɗaya tana waje.

Kofur ɗin da ke kanta, teburin karɓar ƙara, ya leƙo ya ce an sace kyamara a Maje. Yana faɗa yana danne dariya. A garin da ake sace mota a gaban mai ita, kyamara ba abin tayar da insfekta ba ce. Amma Irmiya ya gaji da kallon bango, sai ya fito.

Mutum uku ne a gaban kanta. Sadiya, malamar firamare, da ƙurar alli a gefen hijabinta. Mijinta Jibrin, dogo mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya sha fartanya amma takalminsa sabo ne. Na ukun Isiyaku ne, mai shagon cajin waya a bakin hanyar Maje, wanda Jibrin ya riƙo ta wuyan riga tun daga can har wuyan ya saki.

Jibrin ne ya fara. Ya ce ya ma rage wa hukuma aiki, ga ɓarawon nan. Kyamarar ta surukinsa ce, Malam Zakari, kuma Isiyaku ne kaɗai bare da ke shiga gidan, shi ke karɓar batiri ya yi caji ya mayar. Isiyaku ya rantse cewa jiya ko ƙofar gidan bai wuce ba.

Irmiya ya juya ga matar ya tambaye ta ko kyamarar mai tsada ce.

"Ta araha ce, yallaɓai," in ji ta. "Amma da ita yake ganin gonarsa."

Ta yi bayani a tsaye, don shi ma bai zauna ba. Mahaifinta ne kaɗai manomin da ya rage a ɓangarensu na Maje bai sayar ba. Kowa ya sayar, gidaje sun tsiro inda ake shuka doya, masu aiki a Abuja suna zuwa su kwana su fita da asuba. Dillalai sun yi ta sintiri wurin tsohon, ya kore su. Daga baya gwiwoyinsa suka mutu, ba ya iya tsallaka rafin da ke tsakanin gida da gona. Mijinta ne ke noma ta yanzu. Shi kuwa tsohon, kullum da safe sai ya ja jiki zuwa kan wani dutse a bayan gida, ya jawo gonar kusa da kyamara, ya ɗauka, ya duba. Ya ce ranar da ya daina ganinta, ranar za ta tafi. Tun jiya da aka nemi kyamarar aka rasa, bai ci abinci ba.

Irmiya ya sa a ajiye Isiyaku a bayan kanta, kada a sa shi a sel, kada kuma a taɓa shi. Ya ɗauki hularsa.

Gidan Malam Zakari yana kan tudu, na ƙasa ne, dogayen katangun sababbin gidaje masu waya a kai sun kewaye shi, kamar haƙori ɗaya da ya rage a bakin da aka cika da na roba. Tsohon yana zaune a ɗakinsa a kan buzu. Ƙaramin mutum ne, fuskarsa a bushe. Jibrin ya tuɓe sabon takalminsa tun daga tsakar gida, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya amsa gaisuwarsa yana kallon bango.

Kunyar surukai abu ce mai daɗin kallo. Tana hana mutum biyu yin faɗa. Tana kuma hana su tambayar juna komai.

Irmiya ya zagaya ɗakin, wanda ba shi da wurin zagayawa. An nuna masa ƙusar da ake rataye kyamarar. A ƙarƙashinta akwai rediyo, da wayar tsohon, da agogon hannu a kan akwati. Ba a taɓa ko ɗaya ba. Wanda ya shigo lokacin da tsohon ke barcin bayan azahar ya tsallake duk abin da za a iya sayarwa kafin magariba, ya ɗauki abu ɗaya.

"Baba, wa kake zargi?"

"Ba kowa."

"A hoton ƙarshe da ka ɗauka, me ka gani?"

Tsohon ya daɗe yana gyara bakin buzunsa. "Dawa na gani."

Irmiya ya yi shekaru yana sauraren ƙarya, ya san wadda ake yi don tsoro da wadda ake yi don rufa wa wani asiri. Wannan ta biyun ce. Bai matsa ba. Ya tambayi Jibrin yadda aka sayi kyamarar. Jibrin ya amsa a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce shi bai san kan waɗannan abubuwa ba. Ya dai ɗauki Baba a babur zuwa kasuwa, ya tsaya a waje yana gadin babur, ko shagon bai shiga ba.

Sadiya ta kai insfektan bayan gida. Dutsen mai faɗi ne, kusa da wata guntuwar katanga. Irmiya ya hau, ya kare ido da hannu. Can nesa, bayan rafi, akwai kore guda ɗaya a tsakiyar rufin kwano. Ba ya iya rarrabe komai a cikinsa. Ya lura an ɗora wani tsohon matashin kai a kan katangar, daidai tsayin fuskar mutum in yana zaune. Sadiya ta ce sabon abu ne, a 'yan kwanakin nan Baba ya fara ɗora kyamarar a kai. Da a hannu yake riƙewa.

Ya tambaye ta ko tsohon ya taɓa damuwa da wani abu a hotunan. Ta ɗan yi murmushi, ta ce sai dai saniya. Akwai wani baƙin abu da ke fitowa a cikin kore, dishi-dishi. Baba ba zai iya tambayar mijinta ido da ido ba, sai ya tambaye ta, ita ta tambayi Baban Rukayya, wato mijin nata, ta dawo da amsa. Ya ce saniyar wani Bafulatani ce da ake ɗaurewa a gefen gona.

"Tun yaushe take wurin?"

"Tun dawa tana ƙugu."

"Yanzu dawa ko'ina ta wuce kaina. A wuri ɗaya saniyar take?"

Murmushin Sadiya ya tafi.

Irmiya ya ce a kai shi gonar. Jibrin, wanda ya biyo su ya tsaya daga nesa, ya ce rafin ya cika da ruwan safe, ko shi ba zai tsallaka ba yau, kuma babu wata hanya. Suka gangara suka duba. A kan rafin dai bai yi ƙarya ba, ruwa ne ja yana gudu da ledoji da robobi, gudummawar sababbin maƙwabta. Irmiya ya tsaya a gaɓa yana buga makulli a cinya. Sai ya koma gidan ya karɓi kwalin kyamarar, wanda tsohon ya adana kamar takardar gado. Da tambarin shagon a jikinsa.

Shagon yana cikin kasuwa, layin masu kayan lantarki, tsakanin mai lasifika da mai fitilar caji, kowannensu yana gwada kayansa a lokaci guda. Mai shagon, Olamilekan, mutum ne mai ƙiba da Hausa mai gudu, wadda ya koya a bakin ciniki. Da ya ga kaki ya fara cewa kayansa duk da rasit. Da ya ga kwalin sai ya saki jiki.

Ya tuna tsohon sarai. Ya ce mutane sun daina sayen irin wannan ƙaramar kyamara tun da waya ta zo, sai tsofaffi, da malaman coci, da wanda ke son abin da ya fi ƙarfin wayarsa. Tsohon ya zo ya ce yana son wadda za ta kawo masa gona daga ƙetaren rafi, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ya nuna masa guda uku. Tsohon ya so mai babbar lamba a kwali, kamar kowa.

Irmiya ya ce ya bayyana masa maganar lambar, amma a taƙaice.

Olamilekan ya ɗauko irinta daga cikin gilashi ya kunna. Hancinta ya fito da ɗan ƙara. Ya nuna madannin zum, wanda ke jawo abu na nesa, ya kuma nuna wani ɗan layi da ke bayyana a allon baya, da tsaga a tsakiyarsa. Ya auna wata mai gyaɗa a can ƙarshen layi.

"Oga, duba. Daga farko zuwa tsagar nan, gilashi ne yake aiki. Abin da ka gani gaskiya ne." Fuskar matar ta fito, har da zanen kumatunta. Ya ci gaba da dannawa, layin ya wuce tsagar ya kai ƙarshe, fuskar ta narke ta zama taɓo. "Daga nan kuma ba ta ƙara ganin komai. Abin da ta riga ta gani take hurawa kamar balan-balan. Babbar lambar kwali, wannan ce. Don ciniki ake rubuta ta."

Ya ce wanda ya san abin da yake yi ba ya kallon kwali. Yana tambayar nawa ne na gilashi, ya tsaya a tsaga, ya jingina kyamarar a kan wani abu don hannu na rawa, ya ɗauka da hasken safe. In ya yi haka, ta arahar ma ta ishe shi.

"Ka gaya wa tsohon haka?"

"Ban samu dama ba. Yaronsa ya ce shi zai koya masa a gida."

"Yaron da ya tsaya a waje yana gadin babur?"

Olamilekan ya yi dariya. Ya ce wane waje? Mutumin ya fi tsohon daɗewa a shagon. Ya zaunar da tsohon a benci, ya ja mai shagon gefe, ya yi masa tambayar da tun da ya buɗe shago ba a taɓa yi masa ba. Kowa yana tambayar wacce ta fi gani nesa. Shi kuwa ya tambayi wacce ce ba ta nuna abu sosai in da nisa. Olamilekan ya ɗauka mutumin yana gwada shi ne, sai ya gaya masa gaskiya, cewa dukkansu in ka danna zum har ƙarshe hazo za ka gani. Mutumin ya sa ya nuna masa sau biyu, ya yi godiya, ya biya ba tare da ya nemi ragi ba. Wannan ma, in ji Olamilekan, ya isa a tuna mutum.

Irmiya ya fita bai amsa tayin lemo ba. A hanya ya makale a bayan wata tirela da ta lalace, ya yi ta buga sitiyari da yatsu har hanya ta buɗe.

A caji ofis Isiyaku yana nan a bayan kanta, ya rungume gwiwoyinsa. Irmiya ya ja shi zuwa baranda, don a ofis za a sa ran ya zauna. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin hotunan tsohon. Isiyaku ya ce shi caji kawai yake yi, ba ya duba kayan mutane.

"Wa ya gaya masa ya ɗora kyamara a kan matashi?"

Isiyaku ya ce bai sani ba.

"Malam Isiyaku, ban yarda kai ka ɗauka ba. Amma in ka ci gaba da yi mini ƙarya, zan bar ka a hannun wanda zai yarda."

Sai maganar ta fito. Allon kyamarar ya yi wa tsohon ƙanƙanta, don haka duk Juma'a Isiyaku kan zo da kwamfutarsa ya kwafe hotunan ya nuna masa su manya. Wata da watanni abu ɗaya suke kallo, kore mai hazo da baƙin taɓo. Tsohon ya ce haka surukinsa ya koya masa, a danna madannin har sai ya ƙi tafiya, tun da an biya kuɗin dukansa. Ran nan Isiyaku ya ji tausayinsa, ya ce masa ya gwada tsayawa a tsaga, ya jingina ta a katanga. Juma'ar da ta wuce suka buɗe sababbin hotuna tare. Tsohon ya kalla ya daɗe, ya ce a rufe. Da Isiyaku zai fita sai ya ga Jibrin tsaye a tsakar gida kusa da taga.

Isiyaku ya ce ya yi shiru ne don shi baƙo ne a Maje, rumfarsa ma a filin dangin Jibrin take. Kuma ba shi kaɗai ya sani ba. Rabin unguwar sun sani. Waɗanda suka sayar da nasu ba sa son ganin wanda ya ƙi.

Aka aika aka ɗauko kwamfutar. Irmiya ya duba a tsaye, ya dafa tebur da hannu biyu. Hotuna ne masu yawa iri ɗaya, kamar an kalli duniya ta cikin hawaye. A kowanne baƙin taɓon yana wuri ɗaya. Sai na ƙarshe. Gonar ta fito ƙarama amma tsaf, ana iya ganin kawunan dawa. A bayansu, a kan ƙafafun ƙarfe, wani baƙin tankin ruwa ne na roba. A gefensa saman jerin bulo ya leƙo.

Irmiya ya tambaya ko akwai hanyar shiga gonar ban da rafi. Isiyaku ya ce akwai mana. Ta cikin sabuwar unguwa, hanya mai kyau, tifa ma tana bi.

Irmiya ya sallame shi, ya ɗauki kofur ɗaya da motar ofis.

Daga bakin hanyar babu abin da ke ɓoye. An bar dawa layi-layi a gefen da ke fuskantar gidan tsohon, doguwa, an yi mata noma mai kyau, an sa mata taki. Labule ce. A bayanta an share fiye da rabin gonar. An ja igiya, an haƙa ramukan fandisho, wato tushen gini, an jera rodi. A kusurwa ɗaya an riga an zuba kankare. Leburori suna kwaɓa wani, suna sauri kafin hadari ya sake haɗuwa.

Irmiya ya ce a ajiye shebur. Shugaban birkilolin, Ambrose, mutum mai furfura da fensir a bayan kunne, ya zo yana goge hannu. Ya ce shi aiki aka ba shi. Mai wurin ma'aikaci ne a Abuja, ya saya ta hannun dillali daga ɗan gidan, wanda ya ce tsohon ya kwanta ciwo, ya bar masa komai. Sharaɗi ɗaya ɗan gidan ya kafa, kada a taɓa dawar can, kada kuma a ɗaga gini sama da ita sai ta kusa nuna, daga nan a yi sauri. Ambrose ya ce ya yi gini a wurare da yawa, bai taɓa ganin inda ake jiran dawa ta ba da izini ba, amma ba a biyansa don ya yi tambaya.

Irmiya ya tambaye shi yaushe ya ga ɗan gidan a ƙarshe. Ya ce jiya da la'asar. Ya zo ya ajiye wata leda a rumfar siminti, ya ce kada kowa ya taɓa.

Ledar tana saman buhuna, an naɗe ta da kyau don kada danshi ya shiga. A ciki akwai ƙaramar kyamara mai ruwan toka, da igiyar wuya da aka ɗinka da zaren buhu.

Irmiya ya bar kofur a wurin ya koma Maje. Ya ce wa mutanen gidan an samu wani abu, yana so su zo su duba ko nasu ne. Aka ɗauki tsohon aka sa shi a gaba. Sadiya da Jibrin suka hau baya. Jibrin yana ta tambaya ko a shagon Isiyaku aka samu, har motar ta bar titi ta karya cikin sabuwar unguwa. Ta madubi Irmiya ya ga Jibrin ya kalli gefen hanya sau ɗaya, irin kallon mai auna tsalle, sannan ya kalli matarsa ya zauna.

Da motar ta tsaya, tsohon bai jira a kama shi ba. Ya zuro ƙafafu, ya dafa sanda, ya tsaya da ƙyar. Ya kalli tankin. Ya kalli ramukan. Ya nemi inda tsamiyar da ubansa ya dasa take, ya ga kututture.

Irmiya ya ɗaga ledar ya tambayi Jibrin ko ya san ta. Jibrin ya ce bai sani ba. Ambrose ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, ai shi ya kawo. Jibrin ya ce birkila ne, zai faɗi duk abin da aka sa shi. Irmiya ya ambaci mai shagon kasuwa da tambayar da aka yi masa. Jibrin ya ce ɗan kasuwa ba shi da amana. Yana tsaye yana amsawa, kafaɗa a buɗe, kamar zai iya yin haka har dare.

Sai tsohon ya juyo. A karon farko ya sa ido cikin idon Jibrin.

"Kai ka sayar?"

Tambaya ce da aka yi watanni ana kewaye ta, har aka je kasuwa aka sayo na'ura don kada a yi ta. Jibrin ya jure wa ɗan sanda, da birkila, da leda. Wannan ce bai shirya mata ba. Ya tsuguna a ƙasa yadda ya saba.

"Ni ne, Baba."

Sauran ya faɗa wa ƙasa. Ya ce tun da ya auri Sadiya yake noma gonar nan, damina bayan damina, ba a taɓa ce masa ga naka ba, shi kuma ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba. Sa'o'insa da suka sayar da na iyayensu suna wuce shi a mota, suna tsayawa su tambaye shi ko har yanzu yana bautar. Ya ga in tsohon ya rasu, 'yan'uwan Sadiya da ba su taɓa riƙe fartanya ba za su zo daga gari su raba, shi a ce masa an gode. Ya san in gini ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, babu mai rushewa, sai dai manya su zauna a yi sulhu. Abin da yake buƙata kawai kada tsohon ya gani kafin lokacin. Kyamarar kuwa bai yi niyyar ɓatar da ita ba, shi ya sa ya naɗe ta. Ya so ya mayar masa bayan an yi rufi.

"Isiyaku fa?" in ji Irmiya.

"Da an sake shi. Ba ya da komai, me za a riƙe shi a kai?"

"Kai ba ka taɓa kwana a sel ba. Yau za ka ga abin da ake riƙe mutum a kai."

Kofur ya sa masa ankwa. Da za a wuce da shi ta gaban Sadiya ya tsaya, ya ce mata don ita da yara ya yi. Ta ce masa ta yi ta kai wa ubanta labarin saniya da bakinta, shi ya sa mata a baki. Ta matsa ta ba su hanya.

Malam Zakari ya zame ya zauna a bakin ramin da ba a kai ga zuba wa kankare ba, ƙafafunsa a ciki. Ya tambayi Ambrose zurfin wanda aka zuba a kusurwa, da ko ana iya fasa shi. Ambrose ya ce ana iyawa, amma ƙasar da siminti ya kwana a kanta takan daɗe ba ta yi komai ba. Tsohon ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin taki.

Irmiya ya tsuguna kusa da shi, abin da ba a saba ganinsa yana yi ba. Ya gaya masa gaskiya. An dakatar da aikin, amma mai sayen zai zo da lauya da takardu, shari'ar fili kuma ba ta sauri. Kyamarar ma ba za a ba shi yanzu ba, ta zama kayan shaida, za ta zauna a ofis har a gama.

"Ku riƙe," in ji tsohon. "Tun da akwai hanya, a kawo ni nan kullum. A kawo mini tabarma."

Ya miƙa hannu ya jawo shebur ɗin da wani lebura ya yar. Daga zaune ya tura ƙasar da aka tara a gefe, ta zube cikin ramin, ba ta isa ta cika kwano ɗaya ba. Ya huta. Ya sake turawa.

Doka ta ce Irmiya ya hana shi, don ramin ma shaida ne. Ya ɗaga kai ya kalli hadarin da ke haɗuwa ta gabas, ya ce wa kofur su tafi kafin ruwa ya tare su. Jibrin yana bayan mota, kansa tsakanin gwiwoyi. Da suka kai kwanar sabuwar unguwa, Sadiya ta riga ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta ɗauki shebur na biyu.